Mazan da Badaru Ya Gayyato

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Karaye ya karanta aikin Badaru, ko ya so ko bai so ba. Shi ne mai rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Rumfarsa na nan gefen masu faci, can za ka tarar da shi zaune tsakiyar gwangwanayen fenti, burushi saƙale a bayan kunne, rigarsa kuwa babu launin da Allah ya halitta da ba ta ɗanɗana ba. Mutumin Kwanyawa ne. Iyayensa manoman gyaɗa ne, ƙannensa har yau suna can suna tonon abinsu lafiya ƙalau. Shi kaɗai ne a gidan aka jarraba da baƙaƙe.

Hannunsa dai babu laifi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya ja layi sai ka ce da igiya aka auna. Ciwonsa guda ne: bai yarda kalmomi su zauna a allo ɗaya ba sai in da baƙi ɗaya suka fara. Yakan ce rubutu lugude ne, in taɓare suna sauka a turmi ɗaya da sauti ɗaya, ko mai wucewa sai ya tsaya ya saurara. Wani malamin Hausa na sakandare ya taɓa gaya masa cewa masana suna kiran wannan salo karangiya. Tun daga ranar Badaru ya daina amsa sallamar yaran tasha da sauri, tunda ashe abin da yake yi har suna yake da shi a littafi.

Asalin ciwon kuwa nasara ce, kamar yadda yawancin ciwukan maza suke farawa. Yana saurayi, wani mai nama da ake kira Sulle ya ba shi falanki ya ce ya rubuta masa ko me ya ga dama. Badaru ya rubuta SULLE SARKIN SUYA. Kalma uku, kuma duk gaskiya, don Sulle ya iya nama, yajinsa har Rogo ake aikowa a saya. Maganar ta kama bakin mutane, yara suna rera ta a hanyar makaranta. Sai Badaru ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa ba naman ne ya tara jama'a ba, baƙin ne.

Daga nan aka shiga uku, amma a hankali.

Akwai Daudu, wani mai awon hatsi daga Yammedi, wanda sana'arsa gyaɗa ce da masara, sai ɗan abin da ba a rasa ba na dawa. Ya kawo allo, ya koma ya karɓo, ya tarar an naɗa shi DAUDU DILLALIN DAWA, DOYA DA DANKALI. Ya ce, "Malam Badaru, ni fa ban taɓa sayar da doya ba. Ina gyaɗar?" Badaru ya dube shi da tausayi, irin kallon da likita yake yi wa wanda ya zo da nasa ra'ayin, ya ce, "Da kake son gyaɗa a allonka, ai sai a raɗa maka Garba." Daudu ya ɗauki allonsa ya tafi. Da mutane suka ishe shi da tambayar doya, ya auna ya ga sarin doya ya fi jayayya da Badaru sauƙi. Har yau yana sayar da ita, kuma har yau Badaru yana ba da labarin a matsayin shaidar cewa ya taɓa buɗe wa wani bawan Allah ƙofar arziki.

Zubair direba bai yi wannan sa'ar ba. Motarsa tsakanin Karaye da Gwarzo take jigila, ba ta taɓa sanin wata hanya ba, amma bayanta na ɗauke da ZUBAIR ZAKIN ZAMANI, ZO ZAUNA ZA MU ZARIYA. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an sauke tsohuwa da ƙullin kayanta a tsakiyar hanya ana ba ta haƙuri. Da aka kai wa Badaru ƙara, cewa ya yi laifin Gwarzo ne da ba ta fara da baƙin kirki ba.

Gogewa kuwa ba ya yi. Ya ce mai allo da ke goge rubutunsa kamar maroƙi ne da ya yi wa mutum kirari sannan ya dawo ya ce a yafe masa.

Mutum ɗaya ce duk faɗin Karaye ba ta taɓa yaba masa ba, ita ce matarsa Hajo, wadda ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Shekara da shekaru yana roƙon ta bari ya yi mata allo, ita kuma tana cewa, "Malam, ka rufa mini asiri. Ka rubuta Hajo, ka rasa abin da za ka jera, gobe a wayi gari ana sallama ana neman hanta da hula."

To, suna da 'yar auta, Munawwara, yarinya mai sanyin magana da saurin hannu. Ta koyi ɗinki tun tana gida, aka yi mata aure a Rogo, gidan Alhaji Abdulmutalib, wani dattijo mai sayen hatsi wanda ba ya ɗaga murya don bai taɓa buƙata ba. Mijinta Bahauddeen yaron kirki ne, irin wanda in babba yana magana sai ya nemi abin kallo a ƙasa. Munawwara ta daɗe tana lallaɓa mijin, mijin yana lallaɓa uwarsa, uwar tana lallaɓa Alhaji, kafin a yarda a ba ta ɗakin da ke jikin zaure ta sa kekenta. Ɗakin na da ƙofa biyu, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta bakin titi. Alhaji ya yarda bisa sharaɗi guda, kuma ya faɗe shi sau ɗaya kamar yadda ya saba: mata da yara kaɗai. Ranar da ya ga namiji tsaye a wannan ƙofa, ranar zai sa mata kwaɗo.

Labari ya iso Karaye cewa Auta za ta buɗe shago, tare da wani labarin da ya fi shi zafi, wai ta aika a tambayo mata kuɗin irin allon ledar nan da ake bugawa da kwamfuta. Badaru dai ya ƙi cin tuwo, ya zauna yana wanke burushin da ya riga ya wanke, yana faɗa wa bango cewa haihuwa ma sa'a ce. Hajo ta bar shi ya yi ta yi. Da abin ya kai kunnen Munawwara ta bakin yayyenta, sai ta kira shi a waya.

"Baba, ni fa ba ƙin aikinka na yi ba."

"A'a, Auta, ai kwamfuta ta fi ni. Ita ta goya ki."

"Baba, don Allah. Kai za ka yi. Amma ga abin da za ka rubuta, kada a ƙara ko ɗigo: ana ɗinkin mata da yara. Ka san sharaɗin Alhaji."

"Na ji."

"Mata da yara, Baba."

"Ke, kurma kika ɗauke ni?"

Ya ji ɗin kuwa, har ya maimaita wa Hajo. Ya samo falanki mai kyau, ya shafe shi da shuɗi, ya bar shi ya bushe. Sannan ya zauna ya rubuta sunan 'yarsa da farin fenti, a hankali, harshe waje. Sai Allah ya kawo masa kalmar maɗinkiya. Badaru ya ajiye burushi ya yi hamdala. Munawwara Maɗinkiya. Ga mata kuma sun biyo baya da ƙafarsu, ba wanda ya kira su. Taɓare uku a turmi ɗaya. Saura yara.

Nan aka tsaya. Ya juya kalmar ta nan, ya juya ta ta can, ta ƙi zama. Ya faɗe ta a hankali, ya faɗe ta da ƙarfi, ya ji kamar an jefa tsakuwa cikin tuwo. Yara kuma, a ce wai duk Hausa an rasa sunan da za a ba su sai wannan. Ya ce a ransa ai Alhaji namiji tsaye ya hana, bai hana namiji rubuce ba. Kuma wa yake ɗaukar allo da gaske? Shi da ya shekara talatin da wani abu yana ganin masu ɗaukar allo da gaske suna zuwa rumfarsa da jan ido, shi ne ya yi wa kansa wannan tambaya, kuma ya gamsu da amsar.

Da la'asar allo ya kammala: MUNAWWARA MAƊINKIYA. MATA, MAZA, MANYA DA MATASA. Ya naɗe shi cikin buhu don kada Hajo ta gani, wai ƙura yake gudu.

Azumi ya raba tsakiya lokacin da ya ɗaure allon a bayan babur ya nufi Rogo. Alhaji ba ya nan, ya tafi kasuwa. Bahauddeen ne ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya aro tsani, ya riƙe masa. Badaru ya hau ya buga ƙusoshi, ya sauko, ya ja da baya ya rungume hannu.

"Yaya ka gani?"

Bahauddeen ya ɗaga kai ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ga mazan nan ɓaro-ɓaro da farin fenti a saman ƙofar matarsa, ya tuna fuskar mahaifinsa, ya kuma tuna cewa wanda ke tsaye a gabansa surukinsa ne, mutumin da ko sunansa ba ya iya kamawa. Ya mayar da idonsa ƙasa inda ya saba ajiye shi.

"Ya yi kyau, Baba. Allah ya ƙara basira."

"Amin," in ji Badaru, kamar wanda ke da wurin zuba ƙari.

Munawwara ta ƙofar ciki take shiga shagonta, ba ta da dalilin fita titi ta ɗaga kai. Bahauddeen ya yi niyyar gaya mata, sai ya ga ai faɗa mata laifin ubanta ma wani rashin kunyar ne, ya bari sai gobe. Alhaji kuwa, mutum ne da ke tafiya yana jan carbi yana kallon gabansa. Haka allon ya kwana ya tashi yana kiran jama'a, duk gidan babu wanda ya ji sai mutum ɗaya, shi kuma ladabi ya ɗaure masa baki.

Wanda ya san ƙarshen azumi ya san halin da maza suke shiga a hannun teloli. Kowane tela ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, ya kashe waya, ya bar yaransa suna rantsuwa cewa ya fita. Mutum na yawo da shaddarsa a hammata kamar mai neman inda zai binne ta. Cikin wannan hali ne aka ga sabon allo a Rogo yana cewa maza.

Na farko Munawwara ta sallame shi ta bayan labule, tana zaton ɓatan kai ya yi. Na biyu ma haka. Ranar kasuwa sai ga Hammawa, wani manomi daga Jajaye, ƙato mai faɗin kafaɗa wanda ya sha rana ya sha wuyar azumi, ya kuma sha alƙawarin teloli har ya ƙoshi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a zo a auna shi. Aka ce ba a ɗinkin maza. Ya ja da baya ya nuna sama.

"To wannan fa? Ni na rubuta?"

Kafin a jima wasu sun taru a bayansa, kowa da ƙullin yadinsa, don babu abin da ke jawo layi kamar layi. Matan da ke ciki suka ja mayafi suka matsa lungu. Ana cikin haka Alhaji Abdulmutalib ya dawo daga sallar la'asar. Ya dubi mazan, ya bi yatsan Hammawa da kallo har sama, ya karanta. Ya yi musu sallama, ya tambaye su ibada, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Da suka watse ya sa aka fito da matan, ya rufe ƙofar ciki, ya sa wa ta waje kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Kayan sallar matan unguwa duk suna ciki, wasu an yanka, wasu ko alli ba a sa musu ba, ga keken, ga komai.

Da Munawwara ta kira gida, Hajo ce ta ɗauki wayar. Ta saurari kukan 'yarta har ƙarshe, ta yafa mayafi, ta taka har tasha, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tarar da Badaru yana yi wa wata mota ado.

"Sannu da aiki, Malam. An ce ka yi wa 'yarka hidima."

"Kin ji labari ke nan. Ai duk Rogo babu irinsa."

"Babu kam. Har an rufe shagon don kada a yi masa baki."

Ya ajiye burushi. Ta zayyana masa komai a gaban masu faci, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rage ba. Ta ƙare da cewa, "Na Daudu doya ka jawo masa, ya saya ya huta. Ita kuma maza ka jawo mata. Gaya mini inda za ta ajiye su."

Washegari da hantsi Badaru na zauren Alhaji, gwangwanin fenti a buhu, don Hajo ce ta ɗaure masa shi a babur da hannunta. Aka shimfiɗa darduma. Aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi ibada, aka tambayi mutanen Karaye da na Kwanyawa, aka tambayi zafi, aka koma kan iyali don ko an manta wani. Bahauddeen na rakuɓe a bakin ƙofa yana nazarin tabarma. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙarƙaf, babu sauran wanda za a tambaya sai awaki, sannan Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam Badaru, mun ga aiki. Hannu ya yi kyau. Har daga Jajaye an zo gani."

"Alhaji, ai abin fahimta ne. Mazan nan da ka gani a allo, ba maza ba ne na gaske. Don kunne aka sa su. Ka ji yadda suke sauka: mata, maza, manya..."

"Na ji, kuma da daɗi. Sai dai kunnuwan ba su zo su kaɗai ba. Masu su ne suka rako su."

Badaru ya gyara zama. Ya ce to, tunda abin ya zama haka, ana iya musanya kalmar, ba gogewa ba, musanya. Matafiya, misali.

"Matafiya mata ne zalla?"

"To, maƙwabta."

"Maƙwabcina na dama mahauci ne, na hagu direban tirela."

"Malamai fa?"

"Allah ya ƙara musu daraja. Su ma wando suke sawa."

Alhaji ya ja carbi kaɗan, sannan ya ce shi fa ba zai ce wa surukinsa ya goge aikin hannunsa ba, Allah ya kiyaye, wannan ba tarbiyya ba ce. Allon na iya zama a inda yake har Mahadi ya bayyana. Makullin ma yana iya zama inda yake. Ya ɗan taɓa aljihunsa, don kada a yi zaton wani makullin yake nufi.

Badaru na ta laluben wata kalmar a cikin kansa, ya kamo marayu ya saki, ya kamo masu jego ya ga sun yi tsawo. Sai aka ji motsi a bayan ƙofar cikin gida, inda ashe Munawwara take tsaye tun fara gaisuwa. Muryarta ta dushe.

"Baba, kayan mutane ne a ciki. Jiya har gida aka biyo ni. Yara, Baba. Yara kawai na ce."

Badaru ya juya. Ya dubi ƙofar, ba ya ganin komai sai gefen zaninta da yatsun ƙafarta. Ya tashi, ya ce wa Bahauddeen ya aro tsanin nan.

Rana ta take, ga azumi, ga mutanen titi da ba su da aikin da ya fi kallo. Badaru ya hau. Ya tsoma burushi a shuɗi ya shafe maza. Ya juyo zai sauko, Alhaji daga inuwa ya tambaya cikin ladabi ko manyan nan da matasan an tantance su. Ya koma ya shafe manya. Ya shafe matasa. Ya zauna a kan tsani yana jiran fenti ya sha iska, bayansa ga jama'a, gumi na bin wuyansa, wani yaro na tambayar uwarsa ko mutumin ya maƙale ne. Da ya bushe ya ɗauko fari. Baƙi huɗu ne kacal, amma an ce bai taɓa daɗewa a kan kalma kamar wannan ba. Ya yi ta da kyau kuwa, don hannun bai san fushi ba.

MUNAWWARA MAƊINKIYA. MATA DA YARA.

Ya sauko, bai ja da baya ya duba ba, bai kuma tambayi kowa yaya ya gani ba. Alhaji ya fito ya ɗaga kai ya karanta a hankali, ya sa hannu a aljihu ya miƙa wa ɗansa makulli. Kafin Badaru ya gama wanke burushi da kananzir, an ji keke ya tashi a ciki, yana gudu kamar ana bin sa, kuma bin sa ake yi. Munawwara ta leƙo ta ce ya tsaya ya sha ruwa da su. Ya ce yana da aiki a Karaye.

Matan unguwa sun sa kayansu ranar idi, ban da mutum biyu da suka karɓa washegari suka kuma yafe bayan sun faɗi abin da ke ransu. Shagon na nan har yanzu, ta ma ƙara keke ta ɗauki 'yan mata masu koyo. Mutanen Rogo in suna kwatance sukan ce ka bi ta wajen Munawwara Maɗinkiya, kalma biyun nan sun zauna a baki daram, ba wanda ya taɓa jin kewar sauran.

A tasha Badaru ya sanar cewa sabon salo ne ya ƙirƙiro, wanda sai mai zurfin ilimi zai gane, kuma ba kowa zai yi wa irinsa ba. Gaskiya ne, bai sake yi wa kowa ba. In ya je Rogo ganin jikoki, tun daga kan kwana yake sauka daga babur ya tura shi, kansa a sunkuye, ya wuce ƙarƙashin allon nan da sauri ya faɗa zaure, sai ka rantse surukarsa ce zaune a saman ƙofar.